Rediyon Baba ya fi jin magana da dare

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya waiwayi rediyon. Ana ta lissafin gona da shanun huɗa da keken ɗinki, shi kuwa yana zaune a kan taga cikin rigar fatar da wani baduku ya ɗinka masa tun ina firamare. Ƙanena ne ya ɗago shi ya ce, "Yaya, kai ne malamin kimiyya, ga naka." Aka yi dariya. Malamin da ke rabon ya sa masa ɗan kuɗi aka cire a kasona, don kada haƙƙin wani ya rataya a wuyana. Na sa shi a jaka na taho.

National ne, mai cin manyan batura huɗu, da layi uku a fuskarsa: MW ɗaya, wato matsakaicin zango, da SW biyu, wato gajeren zango. Eriyarsa ta daɗe da karyewa, sai Baba ya ɗaura wa guntun wata siririyar waya, ya ja ta ta taga har reshen darbejiyar tsakar gida. In batir ya yi sanyi a shanya shi a kan katanga, a ƙara matsar kwana biyu a jikinsa.

Baba bai yi boko ba. Allo ya yi, sannan ɗinki, a ƙauyenmu da ke kusa da Malumfashi. Amma yadda makiyayi ya san halin kowace saniya a garkensa, haka ya san halin akwatin nan. A jikin gilashin da allura ke yawo ya yi 'yan zane-zane da bakin almakashi: nan Landan take da asuba, nan take da rana, nan Jamus, nan Amurka, nan Kaduna. Landan ya fi ji da ita, kuma yakan yi alfahari da cewa muryar da ta buɗe sashen Hausa na BBC a ranar 13 ga Maris 1957 ta ɗan ƙasarmu ce, Aminu Abdullahi Malumfashi. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, Landan ɗaya ce amma gidanta uku a fuskar rediyon. In ka neme ta da rana a inda ka bar ta da asuba, shuuu kawai za ka ji. Layin MW kuma da rana kusan kango ne, in ban da tashoshin kusa. Da an idar da sallar isha'i sai ya cika maƙil kamar kasuwa ta ci: Larabci, Faransanci, kiɗe-kiɗen da ba na ƙasar nan ba, kowa na danne kowa.

Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, zo ka riƙe nan," sai in kama wayar da yatsu biyu, murya ta ɗago garau, in na saki ta koma. A irin wannan tsayuwar ne wata rana na tambaye shi dalilin da ya sa rediyo ya fi magana da dare. Bai ɗago daga maɓallin da yake ɗinkawa ba, ya ce, "Da rana hayaniya ta yi wa duniya yawa, maganar ba ta samun hanya. Da dare kowa ya kwanta, sai ta wuce." Na riƙe wannan amsar har na je Zariya karatu. A can na fara yi mata dariya, daga baya na daina, kuma zan zo kan dalili.

Kalmar da duk mai sauraro ya sani ita ce zango: gajeren zango, matsakaicin zango. Wanda ya zaɓo ta a farkon zuwan rediyo ya iya Hausa, ya kuma gane abin da yake fassarawa. A wurin fatake zango shi ne inda ayari ke sauka ya kwana, shi ne kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Jefa dutse a kududdufi, za ka ga ruwan ya yi tudu, kwari, tudu, kwari, suna buɗewa suna nufar gaɓa. Wannan jerin tudu da kwari shi muke kira igiya, rediyo ma da irinta yake aika saƙo, kuma nisan da ke tsakanin tudu da tudun da ke bin sa shi ne zango. Saboda haka in mai gabatarwa ya ce "a kan mita 49", awo ne na gaske yake faɗa maka: daga tudu zuwa tudu mita 49, kusan rabin filin ƙwallo.

Ɗaya lambar kuma, ta kilohaz ko megahaz, tana faɗin tudu nawa ne ke wuce ka a sakan ɗaya. Rediyon Kaduna da Baba ya yi wa zane, a zamaninsa yana kan kilohaz 6090, wato sau 6,090,000 a sakan. Yi wannan sau mita 49 da ɗan ɗori, za ka samu mita miliyan 300, kilomita 300,000 ke nan a sakan guda. Ɗauki Freedom ta Kano, megahaz 99.5. Zangonta mita 3 ne da 'yan kai. Yi lissafin, amsar ba ta canzawa. Gudun ɗaya ne, kamar yaro da ubansa a hanyar masallaci: mai gajeren taku sai ya yawaita taku kafin ya jera da dogo. (Wato FM ya fi "gajeren zango" gajarta nesa ba kusa ba. An raɗa sunan ne a zamanin da ake aiki da zango mai ɗaruruwa da dubban mita, sai ya bi shi.)

Wannan kilomita 300,000 a sakan gudun haske ne, kuma a tsakar gidanmu na fara ganin shaidarsa, ban san na gani ba. Da damina Baba kan riga kowa sanin hadari. Sama fes, taurari tar, sai rediyo ya fara ƙas, ƙas, ƙararas, kamar ana taka busasshen kara. Sai ya ɗaga murya ya ce da Inna, "Ke, ku kwashe shanyar nan, akwai ruwa a gabas." Ba ya cika kuskure. Wani dare hadarin ya matso, na lura da wani abu: da walƙiya ta haska, a cikin wannan ƙiftawar rediyo ke yin ƙas. Tsawar kuwa sai ka ƙirga ɗaya, biyu, har tara kafin ta iso. Walƙiya ɗaya ta aiko manzanni uku, biyu sun iso tare, na ukun ya makara. Wanda ya makara sauti ne, mai tafiyar mita 343 a sakan in iska ba ta da zafi sosai, kusan kilomita ɗaya a sakan uku. Ƙirgen tara na nufin aradun ya faɗi kilomita uku daga gare mu. Biyun da suka iso tare kuwa, wanda ido ya gani da wanda wayar darbejiya ta kama, jinsi ɗaya ne.

Duk shekara sai na yi fama da ɗalibaina a kan wannan, don mafi yawansu sun ɗauka muryar ce da kanta ke tasowa daga Landan ta bi iska. Da haka ne, ko da ba ta mutu a hanya ba, sai ta yi fiye da awa uku da rabi kafin ta iso, labaran asuba su riske mu da hantsi. Sauti girgizar iska ce, ƙwaya na ture ƙwaya, inda babu iska babu shi. Igiyar rediyo ba ta bukatar abin hawa. A tasha ake mayar da murya lantarki a ɗora ta a kan igiyar, akwatinka ya sauke ta ya girgiza lasifika, a nan ne kawai ta sake zama sauti. Kuma galibin abin da Baba ke kira Landan ba daga Ingila yake tasowa ba. Tun 1966 BBC ke da tashar miƙa shirye-shirye a Ascension, wani ɗan tsibiri a tsakiyar kudancin tekun Atlantika, fiye da kilomita 3,000 daga gare mu. Na taɓa zama na lissafa: igiyar kan taso daga tsibirin ta iso darbejiyarmu a cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. A wannan ɗan lokacin sauti mita huɗu kawai yake ci. Wato tafiyar labari daga tsakiyar teku zuwa tagar Baba ta fi sauri a kan tafiyarsa daga tagar zuwa kunnen Inna a bakin murhu.

Wanda ya fara gane cewa haske da lantarki 'yan ɗaki ɗaya ne shi ne James Clerk Maxwell, mutumin Sikotland. A takarda ya gano. Lissafinsa da ya fito a 1865 ya nuna cewa in ƙarfin lantarki ya kaɗa zai tayar da na maganaɗisu, shi ma ya tayar da na lantarki, su yi ta riƙe da juna suna tafiya, kuma gudun da lissafin ya ba shi ya zo daidai da gudun haske da aka riga aka auna. Ya rasu a 1879 bai ga an tabbatar ba. Sai a 1887 Heinrich Hertz, a garin Karlsruhe na Jamus, ya sa tartsatsin wuta ya yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu, sai ga wani ɗan tartsatsi ya bayyana a jikin zoben waya a can gefen ɗakin, babu abin da ya haɗa su. Ƙaramar walƙiya ya haɗa, zoben kuma shi ne rediyonsa. Sunansa ne muke furtawa a kilohaz da megahaz.

To ga inda gizo ke saƙar. In igiyar rediyo 'yar'uwar haske ce, miƙe take tafiya. Duniya kuma a dunƙule take. Mu ma doron ƙasa muke cewa, kuma doron ne matsalar: tsakanin Ascension da Malumfashi akwai ƙusumbin teku da tudu da ya kamata ya tare komai. Wannan ne ya sa masana da yawa suka ɗauki Guglielmo Marconi, ɗan Italiya, mai wasa da kuɗi lokacin da ya ce zai tsallaka teku. A ranar 12 ga Disamba 1901 ya ɗaga waya sama da wani babban filfilo mai tashi a iska, irin wanda yara ke wasa da shi, a St John's, a Newfoundland da ke cikin Kanada a yau, ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S daga Poldhu a Ingila. Har yanzu akwai masu shakkar ko abin da ya ji ke nan. Amma a Fabrairu 1902 ya sake gwadawa a cikin jirgin ruwa, da na'urar da ke rubuta saƙo a takarda, sai ya ga abin mamaki: da rana saƙon kan ɗauke a wajen kilomita 1,100, da dare kuwa yana kai wa fiye da 3,000. Abin da telan ƙauyenmu ya lura da shi ke nan, kuma a ranar shi ma Marconi ba shi da cikakkiyar amsa.

A wannan shekarar mutum biyu, Oliver Heaviside a Ingila da Arthur Kennelly a Amurka, kowa a gefensa, suka ce lalle akwai wani rufi a sama da ke maido da igiyar ƙasa. Zance ne kawai har Disamba 1924, lokacin da Edward Appleton ya roƙi BBC ta bar masa tasharta ta Bournemouth bayan an rufe shirye-shiryen dare. Ana canza zangon a hankali, shi da ɗalibinsa suna saurare a Oxford. Ƙarfin igiyar ya riƙa hawa yana sauka. Dalili, tana isowa ta hanya biyu, ɗaya ta bi ƙasa, ɗaya ta je sama ta dawo. In tudun wannan ya haɗu da tudun waccan sai su ƙarfafa juna, in tudu ya faɗa kwari sai su shafe juna. Daga nan ya lissafa tsayin rufin, kusan kilomita 100. Wannan aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1947. Duk wanda ya taɓa jin muryar mai labarai tana kusantowa tana nisa, daidai lokacin da za a faɗi sunan wanda ya yi juyin mulki, ya san abin da Appleton ya auna.

Ana cewa rufin madubi ne, ni ma nakan ce haka in ina sauri. Amma igiyar lanƙwasa take yi a hankali har ta juyo, kuma wannan lanƙwasar ita ce abin da na fi so a duk darasin, don sau uku nake haɗuwa da ita a rana ɗaya.

Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san in sa ɗaya ya fi ɗan'uwansa sauri, karkiya kan juya, kunya ta karkace zuwa ɓangaren mai nawa. Gaban igiya kamar karkiya yake. In gefe ɗaya ya shiga wurin da ake saurin tafiya, ɗayan yana inda ake nawa, sai duk igiyar ta juya wajen mai nawar. Shi ke nan dokar.

Da asubar hunturu muna jin kiran sallar wani ƙauye da ke hayin rafi, har ka rarrabe tarin ladanin. Da azahar ladanin nan da lasifikar nan ko alamarsu. Shirun dare yana taimakawa, amma akwai abin da ya fi shi. Sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi: wajen mita 337 a sakan in zafi ya sauka digiri 10, wajen 355 in ya kai 40. Cikin dare ƙasa kan saki zafinta, iskar da ke kwance a kanta ta yi sanyi, ta sama da ita ta fi ta ɗumi. San da ke sama ya fi sauri, sai kiran ya lanƙwaso ƙasa ya sauka a kunnen wanda ke nesa. Da rana abin ya juye: ƙasa ta ɗau zafi, san ƙasa ne mai sauri, sautin ya karkata sama ya wuce ta kan rufin gidaje, tsuntsaye su sha wa'azi.

Da azahar ɗin kuma, hau hanyar Funtuwa a watan Afrilu. Can gaba kwalta na sheƙi kamar an yi ɓarin ruwa, kana matsowa yana gudu. Kawalwalniya. Iskar da ke manne da kwalta ta fi ta samanta zafi, ta fi ta sakayau, haske ya ɗan fi sauri a cikinta. Hasken da ya gangaro daga sararin sama a kwance-kwance sai ya lanƙwashe ya tashi ya shiga idonka. Sama kake gani a shimfiɗe a kan titi, ƙwaƙwalwa kuma ba ta san wani abu mai nuna sama a ƙasa ba sai ruwa.

Na ukun shi ne na rediyon Baba. Daga wajen kilomita 60 zuwa sama, hasken rana mai ƙarfi yana fizge ƙwayoyin lantarki, wato ilektaron, daga jikin ƙwayoyin iska, su yi ta yawo sakaka. Wannan yankin ake kira ayonosfiya. Iyakar yawan ilektaron ɗin, iyakar saurin da tudun igiyar rediyo ke yi a ciki, don haka gefen karkiyar da ya fara shiga sama shi ne mai sauri, igiyar ta sunkuyo ta dawo ƙasa dubban kilomita daga inda ta tashi. (Mai karatun jami'a zai ce ai wannan ya sa tudun ya fi haske gudu. Haka ne, amma saƙon da ke kai bai fi shi ba. Wannan gardamar ta wata rana ce.) In ta sauka a teku ko damshin ƙasa sai ta sake tsalle, zango bayan zango, kamar ayari.

Hawa-hawa yankin yake kamar bene. Hawa na ƙasa, da ake kira D, tsakanin kilomita 60 da 90, ɗan fashi ne. A can iska tana da sauran kauri, ilektaron ɗin da igiyar ta kaɗa sai ya yi karo da ƙwayoyin iska, kamar mai gudu a tsakiyar kasuwa, ƙarfin ya tsiyaye ya zama zafi. Matsakaicin zango shi ya fi shan wahalarsa, shi ya sa layin MW ke zama kango da rana. Amma saboda cunkoson nan, da rana ta faɗi kowane ilektaron ya yi saurin samun gida ya koma, hawan D ya watse. Hawa na can ƙoli, F, daga wajen kilomita 150 zuwa sama, iska ta yi siranta ƙwarai, ilektaron kan daɗe bai gamu da kowa ba, don haka yana nan har gari ya waye, sai dai ya rage kauri. Ɗan fashi ya tafi barci, mai maido da igiya yana bakin aiki, kasuwar dare ta ci.

A nan na daina yi wa amsar Baba dariya. Da rana akwai cunkoson da ke hana magana wucewa, da dare kuma yana kwanciya. Wurin kawai ya kuskure, ya sa shi a kasuwa da tashar mota, alhali yana kilomita 70 a kan hularsa.

Gidajen Landan uku ma sun fito fili. Da rana ana hawa mita 13 ko 16 ko 19, don gajeren ya fi iya silalewa ta hannun D, kuma F ya yi kaurin da zai iya juyo shi. Da asuba F ya sirance, mita 16 sai ya huda shi ya wuce sararin samaniya, dole a koma 31 ko 41 ko 49. Ga shi kuma kaurin na canzawa da yanayin shekara, da kuma wani zagaye na kusan shekara 11 da rana ke yi tsakanin zafin rai da lafawa. Shi ya sa tashoshin duniya ke sauya mitocinsu a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Baba kan yi tsaki ya ce Turawa ba su da zama wuri ɗaya, ya ɗauko almakashi ya yi sabon zane.

FM kuwa ba ruwansa da rufin. Mai mita uku huda shi yake ya tafi abinsa, dare da rana. Iyakarsa inda turken eriya ke hange, kuma turke mai tsawon mita 100 ba ya hango abin da ya wuce kilomita arba'in da 'yan kai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai in mai saurare ma ya hau tudu. In na taso daga Kano a mota, muryar na tare da mu garau, bayan Gwarzo ta fara shaƙewa, kafin mu kai gida direba ya haƙura ya sa waƙa. Abin da aka samu a madadin nisa shi ne tsabtar murya, don a FM ba a ƙarfin igiyar ake ɗora magana ba, a saurin kaɗawarta ne, ƙas-ƙas ɗin walƙiya ba ya shiga sosai. An huta da ƙara, amma da irinsa Baba ke da shi da shanyar Inna ta sha duka.

In ka ci gaba da murɗa allurar a zuci, ka wuce ƙarshen gilashin, dangin ba su ƙare ba. Wayar hannu a kan megahaz 900 zangonta santimita 33 ne. Kwanon tauraron ɗan'adam na gidan kallon ƙwallo yana kama mai wajen santimita biyu da rabi, wanda ɗigon ruwan sama ke iya sha da warwatsawa, shi ya sa da hadari ya sauko hoto ke daskarewa a yi ta zagin mai gidan kallo ba da haƙƙinsa ba. Ƙara gajarta, ka shiga ɗumin da kake ji a fuska in ka tsaya gaban maƙera. William Herschel ne ya kama shi a 1800: ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya zama launukan bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen ja inda ido bai ga komai ba, sai ma'aunin ya hau. Da shi rimot ke magana da talabijin. Danna rimot a gaban kyamarar wayarka ta gaba, sau da yawa za ka ga ɗan haske na ƙyaftawa wanda idonka bai gani ba. Sannan sai ɗan tsagin da Allah ya buɗe wa ido, daga ja zuwa shunayya, inda zango ɗari na jan haske za su jeru a kaurin silin gashi ɗaya. Bayansa UV, hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani, bayansa hasken hoton ƙashi da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895.

Ina da ƙorafi a nan. A 2020 mutane sun tayar da hankali a kan turakun 5G, har ana danganta su da annobar korona, masu ilimi ma suna turo mini saƙon a WhatsApp. Igiyar da ke ƙasa da hasken ido, a ƙarfin da turken waya ke fitarwa, abin da take iyawa ɗan ɗumama ne. Daga UV zuwa sama ne kowace ƙwayar haske ke da ƙarfin karya abin da ta daka a jikin mutum. Kuma UV ɗin nan yana bakin titinmu kullum. A layinmu akwai mai walda da yaransa uku, babu mai garkuwar fuska ko ɗaya, sai baƙin tabarau na kasuwa, ƙaramin cikinsu ma da tafin hannu yake karewa. Na tambaye shi ko idonsa na ciwo. Ya ce, "Malam, da dare kamar an zuba mini yashi, amma da safe yana sakina." Ƙunar UV ce a fatar ido. Babu wanda ya taɓa turo mini saƙo a kansa.

Makon jiya na kai rediyon aji. Mun kai babin igiyoyi da 'yan aji biyu na babbar sakandare, sun haddace cewa gudu shi ne zango sau yawan kaɗawa, suna rera shi kamar karatun allo, amma da na tambayi ma'anar mita 49 sai aka yi tsit. Yawancinsu a waya suke jin labarai, in ma suna ji. Na sa sababbin batura, na ɗaura waya a ƙarfen taga, muka bi layin MW daga farko har ƙarshe da ƙarfe sha ɗaya na safe. Tasha ɗaya muka samu, ita ma da ƙyar. Wani daga baya ya ce, "Malam, ai ya mutu." Na ce duk wanda gidansu ke kusa, kuma aka bar shi, ya same ni a filin ƙwallon makaranta bayan isha'i. A gida ba zai yiwu ba, don ƙwayayen fitila na zamani da cajojin waya da na'urar sola sun cika unguwa da wani zuuu da ke danne komai, abin da Baba bai taɓa fama da shi ba a zamanin aci-balbal.

Bakwai suka zo, har da wanda ya ce ya mutu. Muka jefa wayar a kan ƙarfen raga, na ba shi ya murɗa da kansa. Bai yi nisa ba Larabci ya faso, ya ɗan gusa sai ga Faransanci, ya ƙara sai wani mai sharhin ƙwallo da Sifaniyanci yana zuwa yana tafiya. Suka kaure da gardama a kan ta Larabcin, wannan ya ce Aljeriya ce, wancan ya ce Sudan, kowa da hujjarsa ta lafazi. Na kashe tocila na bar su. Can sai ƙaramin cikinsu ya lalubo zane-zanen almakashin da yatsa, ya tambaye ni ko kamfani ne ya yi su. Na ce tela ne. Na sa shi ya koma layin SW ya tsayar da allura a kan zane na uku, ya kama wayar da yatsu biyu.